Yadda Ake Binciken Zafin Famfon Sitiyari Ba Tare da An Gano Komai Ba

Idan kana da tsohuwar mota a gida, irin wadda aka ƙera tun ba a haife ka ba, kuma famfon sitiyarinta yana ɗaukar zafi har ya riƙa kuka duk sa'ad da aka karya kwana, wannan bayani naka ne. Sai dai mu fahimci juna tun da wuri. Masu gyaran famfo ba su da wuyar samu. Kowane gareji da ke bakin kwalta a Dogon Dutsi akwai wanda zai gama maka aikin kafin shayi ya tafasa. Abin da ba a koyarwa shi ne yadda mutum zai yi ta neman ciwon, cikin ƙwazo da natsuwa, a gaban shaidu, har tsawon bazara guda, bai same shi ba. Wannan fanni za a koyar a nan. Wanda ya bi matakan daki-daki an ba shi tabbaci motarsa ba za ta bar ƙofar gida ba, kuma babu mai kiransa rago.

An gwada hanyar a kan mutum ɗaya, Luƙman, ɗan marigayi Malam Issa sufeton makarantu. Ya yi karatun falsafa a jami'ar Yamai, ya zo gida jana'izar mahaifinsa, bai koma ba. Da shi za a riƙa misali.

Mataki na 1: Ka tanadi dalili mai nauyi

Ba a jinkirta gyara don nishaɗi. Wanda ya shiga aikin nan babu dalili, nan da nan zai gaji ya gyara motar bisa kuskure.

Dalilin Luƙman mahaifiyarsa ce, Inna Habiba. Ran da ta fita takaba, yayanta Kawu Rufa'i ya zo daga Sukukutane, ya zauna bisa tabarma a tsakar gida, ya sha fura, sannan ya faɗi abin da al'ada ta aiko shi ya faɗa, wato ɗakinta na gidan ubanta yana nan yana jiran ta. Galibi ana faɗin haka ne don fita hakki. Matar takan yi godiya ta ce 'ya'ya sun riƙe ta, kowa ya watse da mutuncinsa. Luƙman yana jingine da bango yana jiran godiyar.

"Na ji, Yaya," in ji Inna. "Zan tahi."

Kawu da kansa sai da ya ajiye ƙwarya ya dube ta.

"Amma ba cikin motar kasuwa ba. Cikin motar Malam anka kawo ni gidan ga, cikinta za a maishe ni. Auta shi kai ni."

"To, kafin ruwa su sauka dai," in ji Kawu. "In damina ta kama, hanyarmu sai jaki."

Luƙman ne autan. Yayarsa Ruƙayya tana aure a Doso. Ya dubi tsakar gidan, ya cire Inna daga cikinsa a zuci, ya ga abin da ya rage: littattafan uba, randa, da shi kansa. Irin wannan dalili ake nufi.

Mataki na 2: Ka gano ciwon tun ranar farko

Masu gaggawa sukan yi zaton rashin sani ne jarin wannan sana'a. Ba haka ba ne. Wanda bai san inda ciwon yake ba yana iya kai hannu wurin ya warkar da shi ba da niyya ba. Dole ka san wurin sarai, domin ka iya kauce masa.

Saboda haka ka ta da inji. Ka murɗa sitiyari dama da hagu, ka saurari kukan, mai kama da na ɗan akuya da aka ɗaure nesa da uwarsa. Ka ɗaga kapo, wato murfin inji, ka taɓa ɗan gwangwanin da man sitiyari ke zama a ciki. Idan ya ƙone maka yatsa, ka buɗe ka duba: man ya yi baƙi, yana kumfa, yana warin ƙuna. Daga nan ka bi tiyo biyun da suka fita daga famfon, ɗaya mai kai mai, ɗaya mai dawo da shi.

Luƙman ya bi su da yatsa. Tiyon da ke dawo da mai ya tsufa ya yi laushi, ya lanƙwashe a wani lungu kusa da batir, ya matse kamar maƙogwaron da aka shaƙe. Mai yana tafiya, ba ya samun hanyar dawowa, famfo yana ta turawa har ya yi zafi. Ciwon ke nan gaba ɗayansa. Guntun tiyo da bai kai kamu biyu ba zai kashe maganar.

Ya daɗe tsaye yana kallon lanƙwasar. Sannan ya rufe kapo a hankali, ya shiga gida.

"Mi ya same ta?" Inna ta tambaya, tana tankaɗe.

"Abin yana buƙatar bincike, Inna."

Ka riƙe wannan jimla. Ba ƙarya ba ce, domin babu wani abu a duniya da ba ya buƙatar bincike.

Mataki na 3: Ka binciki duk abin da lafiyarsa ƙalau

Ka fara kowace safiya, a waje, gindin dogon yaro, inda masu wucewa za su gan ka. Ka shimfiɗa buhu, ka jera sifanoni a kai daga ƙarami zuwa babba. Ka rataya tsumma a kafaɗa. Mutumin da ke da baƙin mai a goshi ba a tambayarsa me ya gama.

Ka duba bel ɗin da ke juya famfon. Idan ya yi sako-sako famfo yana wahala, idan ya ɗaure da yawa ma yana wahala, don haka kana da damar sassauta shi yau ka ɗaure shi gobe, duka biyun da hujja. Ka ƙara mai. Ka rage mai. Ka zuba kaɗan a murfin kwalba ka ɗaga shi wajen rana ka yi shiru.

Sai tayoyi. Marigayi Malam Issa, kamar duk wanda ya yi shekaru yana zagayen makarantun ƙauye, yakan rage iskar taya kafin ya shiga rairayi, kuma taya mai laushi tana sa sitiyari nauyi. Luƙman ya ci kwanaki a kan wannan batu shi kaɗai. Yakan hura, ya gwada, ya sace iskar, ya sake gwadawa, yana kaɗa kai kamar likitan da ba ya son ya tsorata dangi.

Doka ɗaya ce: hannunka kada ya kusanci lungun batir. Idan sifana ya faɗa can, ka bar shi, ka ce ya ɓata.

Mataki na 4: Ka yi magana irin ta wanda ya je jami'a

Shekarun da ka yi kana karatu ba su ba ka aiki ba, to bari su ba ka wannan. Ka rarrabe tsakanin alama da sababi. Ka jefa kalmar Faransanci inda Hausa za ta tona maka asiri.

Wata azahar Inna ta fito da kwanon tuwo ta same shi kwance ƙarƙashin mota, yana kallon wani ƙarfe da babu ruwansa da sitiyari.

"Har yanzu zafin ne?"

"Zafi alama ce kawai, Inna. Ba shi ne ciwon ba."

"To wane ne ciwon?"

"Shi muke nema."

"Ku da wa?"

Luƙman ya yi bayani mai tsawo a kan cewa inji tsari ne guda, ba a raba ɓangare da sauran jiki, kuma wanda ya gyara alama ya bar sababi ya yaudari kansa. Inna ta saurara har ƙarshe, domin ta zauna da sufeton makarantu shekaru masu yawa, ta san yadda ake jiran bayani ya ƙare.

"Tuwon ga shi ma tsari ne guda," in ji ta. "Fito ka ci da miyarshi tun bai huce ba."

Mataki na 5: Ka karɓi kowace shawara

Ka kai maganar fada, wurin abokan shan shayi. A can babu wanda ya taɓa mallakar mota, don haka kowa ya san ciwonta. Nasiruddeen ya ce man da ake sayarwa yanzu duk gauraye ne. Wani ya ce tsofaffin motoci an ƙera su ne don ƙasar sanyi, zafin Arewa ne ya tarar mata a jiki tsawon shekaru, yanzu yake fita. Ka gode wa kowa, ka yi alkawarin gwadawa. Shawara guda tana cin yini biyu idan an girmama ta.

Hatsarin yana wajen aboki mai son taimako. Hisham, wanda ke da babur kuma yakan kwance shi da kansa, ya zo wata rana ya sunkuya cikin inji, idonsa yana gangarawa wajen batir.

"Kai, wanga tiyo kamar..."

"Shayinka zai huce," in ji Luƙman, ya sa masa kofi a hannu, ya sauke kapo.

Hisham ya dubi kofin, ya dubi abokinsa, ya dubi ƙofar gida inda ake jin Inna tana kiran kaji. Ya kurɓa.

"Motar ga tana da wuyar sha'ani," in ji shi. "Ni ban ga komai ba."

Idan kana da aboki irin wannan, ka riƙe shi.

Mafi amfanin shawara ta zo daga maƙwabciya, Iya Kubra. Ta ce ita ta daɗe da sani. Malam yakan tsaya hutawa gindin wata tsamiya a hanyar Kieshe, kuma kowa ya san tsamiyar tana da mai ita. Doguwa ce ta biyo motar, tana zaune a sitiyari, shi ya sa ba ta kuka sai an juya ta inda ba ta so. Luƙman, wanda ya rubuta kundin kammala karatunsa a kan shakka, ya ce a ilimance ba zai iya kore wannan ba. Aka kawo kasko aka yi wa motar turare. Inna ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon hayaƙin yana fita ta ƙarƙashin tayoyi.

Mataki na 6: Ka aika a nemo abin da ba zai zo ba

Idan shawarwari sun ƙare, ka bayyana cewa famfon ne gaba ɗaya ya mutu, sai an samo irinsa. Ka aika Sakkwato. Idan an samo, ka ce na ƙirar da ta biyo baya ne. Ka aika Kwatano.

A wannan mataki waya za ta fara damun ka. Kawu Rufa'i yakan hau tudun bayan gari inda ake samun layi, ya kira da ƙarfi kamar yana kiran shanu.

"Ɗan lakwal, ɗan boko, uwarka ta fita takaba. Motar ce ta shiga?"

"Ana kan aiki, Kawu."

"An share ɗaki, an yi daɓe, har kaji sun san tana zuwa. Gabas ta fara baƙi. In ba ka iyawa, in turo maka jaki shi ja ku."

Ka yi dariya daidai gwargwado, ka gaishe da mutanen gida, ka ce layi yana yankewa. Sannan ka ɗaga kai ka dubi gabas. Hadari abokin aikinka ne. Ruwan farko na sauka hanya ta yanke, ka samu damina guda kyauta, kuma kafin kaka mutum yana iya gano wata sabuwar alama.

Mataki na 7: Kada ka shiga ɗakin da ake ɗaure kaya

Wannan ne matakin da Luƙman ya yi sakaci da shi, kuma an rubuta shi ne domin kada a maimaita.

Duk tsawon binciken nan Inna ba ta taɓa cewa ya yi sauri ba. Kayanta kawai take ɗaurewa, kaɗan-kaɗan. Yau kwanonin jere sun sauka daga bango, gobe an ba Iya Kubra kaji biyu. Wata la'asar ya shiga neman tsumma ya tarar da ɗakin ya zama fili, sawun kwanoni kawai ya rage a jikin farar ƙasa. Tana zaune bisa akwati tana shafa man zafi a gwiwa.

"Zauna, Auta. Na aika ma Kawunka shi kama mini wuri a motar kasuwa ta jibi."

"Inna, kin ce ba za ki shiga motar kasuwa ba."

"Na ce. Gaba an cika, sai bisa buhuna. Matar sufeto ma mutum ce, tana hawa."

"Ki ƙara haƙuri kaɗan. Bincike ya yi nisa."

"Na ga nisan da ya yi." Ta rufe kwalbar man. "Ubanka ya sa ka lakwal don ka tahi wani wuri. In ina gidan ga, kai da gindin dogon yaro sai mutuwa. Kullum ka ce Inna, ni kuma in ce Auta, mu tsufa tare muna gadin randa. Can ina da gona, ina da ɗiyan Yaya masu ɗebo mini ruwa. Kai mi gare ka nan?"

Luƙman ya dubi gwiwarta. Abin da ya gani hoto ne: Inna da gwiwar nan tana tattaka taya tana hawa bayan babbar mota, wani yana turo ta daga ƙasa, rana tana dukan ta tun daga Dogon Dutsi har Sukukutane, motar Malam kuwa tana gindin dogon yaro tana warin turare.

Mataki na 8: Idan ya zama dole

Ka sayi guntun tiyo da man sitiyari. Ka kwance zoben ƙarfen da ke riƙe da tsohon, ka tara kwano man ya tsiyaye. Ka sa sabon, ka bi da shi ta inda ba zai lanƙwashe ba, ka ɗaure. Ka zuba mai. Ka ɗaga gaban motar da jak, ka murɗa sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, kana maimaitawa har kumfa ta daina fitowa. Ka mayar da bel yadda ka same shi tun farko. Ka ɗauko sifanan da ya ɓata.

Luƙman ya gama kafin hantsi ya yi zafi. Ya ta da inji, ya murɗa, babu kuka. Ya sake murɗawa da ƙarfi ko za a dace, shiru.

Iya Kubra ta ce ai ta faɗa, turaren ne.

Mataki na 9: Gwajin hanya

Ba a cewa gyara ya yi sai an gwada shi a rairayi. Suka loda akwati da ƙullin kwanoni, Inna ta zauna gaba inda ta saba zama, ta yi bisimilla. Da suka sauka daga kwalta Luƙman ya tsaya ya rage iskar tayoyi kamar yadda ubansa ke yi, suka shiga hanyar ƙauye. Gonaki an share su ana jiran ruwa. Motar tana tafiya kamar ba ta taɓa ciwo ba, sitiyari yana juyawa da yatsa biyu. A irin wannan tafiya za su isa kafin azahar.

Sun wuce wani ƙauye ke nan Inna ta karkata kai.

"Auta, ba ka jin kukan ga?"

Ya saurara. Inji ne kawai, da kwanoni suna kaɗawa a baya.

"Famfon ga ya yi zafi," in ji ta. "Tsaya gindin gawon can shi huce."

Ya tsaya. Ya fita ya ɗaga kapo, ya ɗora tafin hannu bisa gwangwanin mai. Ɗumi ne kawai, irin na goshin mai lafiya. Ya daɗe da hannun a wurin.

"Gaskiyarki, Inna. Ya yi zafi."

Ta shimfiɗa zane a inuwa, ta kwance ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino. Ta nuna masa wani kwari, ta ce nan motar ta kafe ran da aka kawo ta amarya, Malam ya fita da babbar riga yana tura ta, yana ba ƙawayen amarya umarni da Faransanci. Luƙman bai taɓa jin labarin ba. Suka zauna har inuwa ta matsa, suka matsa tare da ita.

Famfon ya sake yin zafi kusa da wata rijiya inda Fulani ke shayar da shanu. Ya kuma yi zafi a wani wuri da babu komai sai sabara, wannan karon Luƙman ne ya fara jin kukan, Inna ta ce ita ma yanzu take shirin faɗa. Sai da rana ta yi ja suka hango rumbunan Sukukutane. Kawu Rufa'i yana tsaye bakin gari tun azahar.

"Tafiyar hantsi kunka mayar ta yini? Ashe ba a gyara ta ba."

"Tsohuwar mota ce, Yaya," in ji Inna, tana saukowa da gwiwa ɗaya-ɗaya. "Ba a matsa mata."

Washegari Luƙman ya juyo shi kaɗai. Famfon bai yi zafi ba ko sau ɗaya. Yana hawa kwalta ɗigon farko ya faɗo bisa gilashi.

Sanarwa

Tabbacin da aka bayar a farkon wannan bayani ya shafi motoci ne kawai. Ba a taɓa cewa ya shafi iyaye mata ba, kuma wanda ya fahimci haka shi ya jiyo wa kansa. Marubucin ba shi da alhakin yatsan da ya ƙone, ko sifanan da ya ɓata, ko doguwar da aka kora ba da laifinta ba. Haka kuma idan ka bi matakan nan har ƙarshe, ka wayi gari da mota lafiyayya a ƙofar gida, sitiyarinta yana juyawa duk inda ka so, kuma babu kowa a ciki da zai ce maka ka fito ka ci tuwo, kada ka nemo marubucin. Ba ya gindin dogon yaro. An ce an ga motar a hanyar Yamai.